Lifidi da Tankar Yaƙi: Daga Haɗejiya Zuwa Kursk

Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa tsayawa a ƙofar fadar Haɗejiya ranar hawan salla ya ga 'yan lifida. Sukan taho a jere, doki da mahayinsa duka a lulluɓe cikin tufa mai kauri mai launi iri-iri, kwalkwali a ka, mashi a hannu, dawakin suna takawa sannu a hankali. Mu da muka tashi a Kafin Hausa, in an kai mu kallo muna yara, abin da muka ɗauka shi ne ado ne kawai irin na sarauta, kamar alkyabba ko laima. Sai da na zo jami'a, wata rana a darasin fassara, aka ba mu labarin wata tankar yaƙi ta Jamus mu mayar da shi Hausa, muka yi ta ja-in-ja a kan sunan da za mu ba ƙarfen da aka lulluɓe ta da shi. Yawancinmu muka ce sulke, tun da yake gidajen rediyo sun riga sun saba wa kunnuwanmu da "mota mai sulke". Wani ɗan ajinmu ya ce lifidi, aka yi masa dariya, har da ni a masu dariyar. Daga baya da na bi abin a tsanake sai na ga ashe shi ne ya fi mu kusa da gaskiya, domin sulke mutum kaɗai yake tsarewa, lifidi kuwa mahayi da abin hawa yake haɗawa ya rufe, wanda shi ne ainihin aikin ƙarfen tanka.

A cikin wannan maƙala za mu duba yadda ake yin lifidi, da irin makaman da ke tare da shi, da aikin da ya yi a fagen fama har zuwa ranar da ya daina amfani a Haɗejiya cikin 1906. Sa'an nan za mu ɗauko ita waccan tanka ta Jamus, wadda ake kira Panther, mu ajiye ta kusa da shi. Dalilin haɗa su kuwa shi ne matsalarsu guda ce: duk kaurin da aka ƙara wa kariya nauyi ne, nauyin nan kuwa ƙafar da ke ɗauke da shi ita ke biya.

Asalin lifidi

Ita kalmar baƙuwa ce a Hausa. Ta fito daga kalmar Larabci libd, watau shimfiɗar gashi ko ulu da aka danne ta yi kauri, irin wadda ake sa wa doki a ƙarƙashin sirdi. Ba ita kaɗai ba ce, domin sirdi da linzami da likkafa duk daga Larabci muka aro su, abin da ke nuna mana hanyar da kayan hawa suka biyo suka iso ƙasar Hausa, watau ta arewa da gabas.

Littafin Tarihin Kano, wanda Palmer ya fassara zuwa Turanci a 1908, ya ce Sarkin Kano Kananeji ɗan Yaji, wanda ake lissafa zamaninsa daga 1390 zuwa 1410, shi ne farkon sarkin Hausa da ya shigo da lifidi da kwalkwali da sulke. Littafin ya ba da dalili kuma, ya ce yawan mutanen da aka yi asara a yaƙin Umbatu ne ya sa. Wannan dalili yana da muhimmanci ƙwarai. Yana nuna cewa tun ran farko lifidi amsa ce ga wata tambaya takamaimiya, ita ce: yaya mai doki zai ƙarasa ga mai baka bai mutu a hanya ba?

Sai mun san kibiyar ƙasar nan za mu gane amsar. Kibiyarmu ba ta da nauyi, karanta siriri ne, ba a sa mata gashin tsuntsu a gindi kamar ta wasu ƙasashe. Ƙarfinta yana ga dafin da aka shafe ta da shi, wanda akan dafa da 'ya'yan kwankwani da waɗansu mahaɗai. Saboda haka ba ta bukatar ta shige jiki da nisa. In dai ta huda fata ta gamu da jini, aiki ya gama. Doki kuwa ya fi mahayinsa faɗin jiki nesa ba kusa ba, shi ya sa shi ne maharbi ya fi samu. To, sulke riga ce ta zobban ƙarfe da aka sarƙa da juna. Tana da kyau wajen tare saran takobi, amma tsinin kibiya yana iya ratsa ramin zobe ya taɓa fata. Ga ta da tsada, don yawanci daga ƙetaren Sahara fatake ke kawo ta, sai sarakuna da manyan barade. Lifidi kuwa kayan gida ne: masaƙi ya saƙa, maɗinki ya ɗinka, rimi ya ba da audugarsa.

Yadda ake yin sa

Akan sami ƙyalle mai ƙarfi ninki biyu, a cusa audugar rimi a tsakani, a danne ta, sa'an nan a bi da ɗinki kusa da kusa, layi-layi ko gida-gida. Wannan ɗinki shi ne ran aikin. Duk wanda ya taɓa kwana a kan tsohuwar katifar rimi ya san yadda audugar takan gudu ta taru wuri guda ta bar wani wurin fayau. In haka ta faru ga lifidi a kan dokin da ke sukuwa, audugar za ta zube ƙasa ta bar ƙirji da kafaɗa, inda aka fi bukatarta. Ƙananan gidajen ɗinkin su ke riƙe kowane ɗan dunƙule a mazauninsa. Idan kibiya ta faɗa, sai ta huda ƙyallen waje ta nutse cikin auduga, ƙarfinta ya mutu kafin ta kai ƙyallen ciki, dafin ma ya goge a hanya. Ba a yi shi don ya mayar da kibiya baya ba, haɗiye ta yake yi. Jarumi yakan fito daga fama da kibau a soke a jikinsa kamar bushiya, ko ƙwarzane babu.

Kayan mahayi ba guda ɗaya ba ne. Akwai bantan lifidi wanda ke rufe ƙugu da ciki da cinya, akwai safa ta ƙirji da kafaɗu, akwai kumakumi da ake ɗaurawa a jiki kamar 'yar shara, sai kwalkwali a ka, wanda akan yi wa ciko da tsumma daga ciki, a sa masa ƙarfe ko tagulla daga waje, a kafa masa gashin jimina a bisa. Na doki kuwa yakan taso daga wuya ya rufe ƙirji da haƙarƙari da kuturi, ya sauko har wajen gwiwa. Ƙafafu daga nan zuwa kofato a buɗe suke, ba yadda za a yi, don in an rufe su dokin ba zai taka ba. Waɗannan sunaye suna nan cikin ƙamus da cikin littafin Joseph Smaldone na 1977 a kan yaƙi a Daular Sakkwato, amma in mai karatu ya gwada tambayar samarin da ke kallon hawa, da wuya ya sami mai rabe masa safa da kumakumi.

Makamin ɗan lifida mashi ne da takobi, wani lokaci da garkuwar fata. Ba ya harbi, ba ya kai hari daga nesa. Dole sai ya iso ga abokin gaba jiki da jiki kafin makaminsa ya yi amfani, shi ya sa duk dabarar ta tattara ga yadda zai ƙetare filin da kibiya ke sauka.

Aikinsa a fagen fama

'Yan lifida ba su taɓa yin yawa a cikin runduna ba. Ba kowane doki ke iya ɗaukar kayan ba, sai ingarma, kuma yawanci sarki ne ke ba da dokin da kayan ga amintattun bayinsa, a ƙarƙashin shugabansu mai sarautar lifidi. Aikinsu iri biyu ne: ko dai a sa su gaba su zama bango mai tafiya, su sha kibau su fasa sahun 'yan baka domin masu dawakin sauri da dakaru su bi ta kafar, ko kuwa su kewaye sarki su tsare shi.

Amma fa kowa ya san ranar ƙasar nan a watannin bazara. Mutum a cikin katifa, doki a cikin katifa, ga ƙura, ga ƙishirwa. Dokin lifidi ba ya dogon gudu, ba ya bin wanda ya tsere. Mahayin ba ya iya hawa shi kaɗai sai zagage sun ɗaga shi, in kuwa ya faɗo, yana nan kwance sai an zo an tashe shi. Audugar rimi kuma ba ta wasa da wuta, saboda haka masu tsaron gari suka koyi harba kibiya mai wuta. A Tabkin Kwatto cikin 1804 Sarkin Gobir Yunfa ya zo da 'yan lifida wajen ɗari, jama'ar Shehu kuwa dawakinsu ba su wuce ashirin ba, amma 'yan baka suka tsaya kyam, rundunar Gobir ta watse. Watau ko a gaban kibiyar da aka yi shi dominta, lifidi ba ya cin yaƙi shi kaɗai in sauran runduna ba ta tsaya ba.

Akwai wani abin da Baturen nan Clapperton ya gani da idonsa a watan Oktoba na 1826, sa'ad da ya tarad da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya kewaye Konya, garin Gobirawa. Ya ce an fito da 'yan lifida, shida na Sarkin Musulmi, kowane sarkin da ya zo gudummawa shi ma shida, aka ɗora su bisa dawaki, suka nufi ganuwa. A cikin garin kuwa akwai bindiga guda ɗaya tak. Na gaban 'yan lifidan ta fara samu, harsashi ya ratsa lifidin ya shiga ƙirji, ya faɗo daga kan doki, dakaru suka janyo shi. Bindiga ɗaya ke nan, irin ta ɗuri, wadda sai an daɗe ana cusa mata albarushi kafin ta sake tashi. A ganina tun daga wannan rana aka ga ƙarshen lifidi, sai dai ƙarancin bindigogi da albarushi a ƙasar nan ya ƙara masa shekara tamanin.

Ƙasar Haɗejiya

Wanda bai san ƙasarmu ba yakan ɗauka shimfiɗaɗɗen fili ne da doki zai sheƙa yadda ya so. Gaskiya ne babu duwatsu, amma ƙasar jigawa ce da fadama suna bin juna. Kogin Haɗejiya in ya iso nan sai ya rarrabu, reshe guda ma sunan garinmu yake ɗauke da shi, kuma daga tsakiyar damina har bayan kaka ruwa yakan malale fadamu, musamman a zamanin da ba a gina madatsar Tiga ba, wadda aka gama a 1974. Laka ce baƙa mai kama ƙafa. In ta bushe kuma sai ta tsattsage, ta yi ramukan da kofato ke faɗawa. A kan jigawa kuwa rairayi ne mai cin ƙarfin dabba. Ke nan doki mai nauyi yana da watanni ƙididdigaggu da hanyoyi ƙididdigaggu, kuma mutanen ƙauye sun san su sarai. Su ma suna da tasu amsar, wadda ba ta bukatar ingarma: a kafa itatuwa a kewaye gari, a haƙa gwalalo, a bar sarƙaƙiya ta yi kauri. Kafi ke nan, kuma yawan garuruwan da sunansu ya fara da wannan kalma, har da namu, shaida ne na yadda talaka ya zauna da mai doki.

Sarkin da ya fi kowa sanin wannan ƙasa ta fuskar yaƙi shi ne Buhari ɗan Sambo, wanda ya hau gadon Haɗejiya a 1848. Sakkwato ta tuɓe shi a 1850 ta naɗa ɗan'uwansa Ahmadu, ya dawo a 1851 ya ƙwace garin da ƙarfi, ya zauna yana tawaye ga Sarkin Musulmi Aliyu Babba. Da aka tara masa rundunar sarakuna, wadda Galadiman Kano Abdullahi yake cikin manyanta, Buhari bai zauna bayan ganuwa yana jira ba. Ya fita ya yi musu ba-zata a Kafur, ya tarwatsa su, abin da har yau ake kira Gamon Kafur. Abin lura a nan shi ne irin yaƙin da Buhari ya shahara da shi, watau sammako da hari da saurin juyawa, aikin doki marar nauyi ne. Lifidi yana da ranarsa, ranar da aka ja dāga fuska da fuska ko aka tunkari ƙofar gari, amma ba shi ne ya sa aka ji tsoron Haɗejiya daga Kano har Katagum ba. Shi kansa Buhari a yaƙin Gorgoram ta ƙasar Bade ya gamu da ajalinsa a 1863, a gaban gari mai ganuwa da maharba.

Ranar ƙarshe ta zo a zamanin Sarki Muhammadu, wanda ya hau a 1885. Turawa sun ci Kano da Sakkwato a 1903, suka kafa bariki a gefen Haɗejiya, amma zaman bai taɓa daɗi ba. Bayan tashin Satiru a farkon 1906, Gwamna Lugga ya ƙudura ba zai bar wani gari mai ɗaga kai ba, ya turo runduna daga Kano a ƙarƙashin Kanar Lowry Cole, ɗaruruwan sojoji da igwa da bindiga mai ruwa. Aka aika wa Sarki ya miƙa wuya, ya mari ɗan aiken. A ranar 25 ga Afrilu 1906 aka gwabza. Mahaya suka yi ta kawo sukuwa da masu da takubba, waɗansu da sulke a jiki, cikin bindigar da ke zubar da harsashi wajen 500 a minti guda. Aka shafe sa'o'i ana faɗa a cikin unguwanni har zuwa fada, Sarki ya faɗi tare da waɗansu 'ya'yansa da manyan jarumansa, shi ya sa ake kiran sa Mai Shahada. Babu kaurin auduga ko na zobe da doki zai iya ɗauka wanda zai tare wannan harsashi. Daga ranar lifidi ya koma kayan hawan salla.

Lifidin ƙarfe

Abin mamaki, bindigar da ta kashe lifidi a Haɗejiya ita ce ta tilasta wa Turawa neman nasu. A Yaƙin Duniya na Ɗaya bindiga mai ruwa ta hana kowa motsi a Faransa, sojoji suka shige ramuka, wanda duk ya ɗaga kai ya mutu. Tambayar Kananeji ta dawo: yaya za a ƙetare filin da makami ke sauka? Ingilishi suka amsa da akwatin ƙarfe mai inji mai tafiya a kan sarƙa, suka fara fito da shi a bakin kogin Somme a watan Satumba na 1916, shekara goma kacal bayan yaƙin Haɗejiya. Don su ɓoye sirrinsa suka riƙa cewa tankin ruwa suke ƙerawa, sunan ya bi shi. Hausa ta ari kalmar sau biyu, ta raba ta: tanki na ruwa namiji, tanka ta yaƙi mace.

Panther, watau damisa, ta Yaƙin Duniya na Biyu ce, wanda kakanninmu ke kira Yaƙin Hitila. Su dai ba su gamu da ita ba, domin yawancinsu Habasha da Bama aka kai su. Asalinta tsoro ne. Da Jamusawa suka faɗa wa Rasha a 1941, suka ci karo da tankar Rasha T-34, wadda harsashin yawancin igwoyinsu ke zamewa a jikinta, ga sarƙarta mai faɗi tana ratsa taɓon da nasu ke kafewa. Aka umarci kamfanoni biyu, MAN da Daimler-Benz, su zana wadda za ta fi ta, aka zaɓi zanen MAN a watan Mayu na 1942, aka fara ƙira a Janairu na 1943. Gaggawar ta yi yawa, kuma za mu ga abin da ta haifar.

Babban abin da suka koya daga T-34 shi ne karkata ƙarfe. Wanda ya taɓa yanka rake ya san in ya sara a miƙe wuƙa ba ta da nisan tafiya, in ya sara a karkace kuwa sai ta ratsa nama mai yawa kafin ta fita. Ƙarfen ƙirjin Panther kaurinsa milimita 80 ne, amma da yake an kwantar da shi baya, harsashin da ya taho kai tsaye sai ya ratsa kusan milimita 140, in ma bai zame ya yi sama ba. Igwarta mai bakin milimita 75 ce, tsawon bututunta ya haura mita 5, tsawon nan kuwa shi ke ba harsashi saurin da zai fasa T-34 daga nisan da ya wuce kilomita guda. Tana da ƙananan bindigogi masu sarrafa kansu don dakaru, da mutum biyar a ciki: kwamanda, da maharbi, da mai ɗuri, da direba, da mai rediyo. A nan ta bambanta da ɗan lifida ƙwarai, don ita daga nesa take kisa. Injinta na kamfanin Maybach ne, mai shan fetur, ƙarfinsa kusan na doki 700.

To, ga inda lissafin ya fara karkacewa. Tankar da aka nufa da farko mai nauyin tan 30 zuwa 35 ce, ƙarfen ƙirjinta milimita 60. Hitila ya ce a ƙara ya kai 80. Da wannan da sauran ƙare-ƙare, ta fito tana da tan 45 ko kusa da haka. Jamusawa suna kiran ta matsakaiciya, alhali kuwa nauyinta ya yi daidai da na IS-2 wadda Rashawa ke lissafawa cikin manyan tankoki, kuma ta fi Sherman ta Amurka da tan goma da wani abu. Duk da haka ba a iya rufe ta ko'ina ba. Haƙarƙarinta milimita 40 zuwa 50 ne kawai, har sai da aka rataya mata waɗansu siraran faranti a gefe, kamar yadda lifidi ke sauka ya rufe cikin doki, saboda bindigogin da sojan ƙasa na Rasha ke harbin tanka da su. Abokan gaba suka gane da wuri cewa ba a tunkarar ta gaba da gaba, zagayawa ake yi a same ta a kwiɓi.

Aka fara kai ta fage a Kursk, cikin Rasha, a babban harin da Hitila ya yi ta ɗagawa, wani ɓangare don jiran ta, har 5 ga Yuli 1943. An aika guda 200. Biyu sun kama da wuta tun wajen sauke su daga jirgin ƙasa, ba wanda ya harbe su. A ranar farko rundunarsu ta faɗa cikin nakiyoyin da aka binne da wani kwari mai taɓo, irin wurin da kowane manomin fadama zai ce kada a bi da kaya mai nauyi, suka tsaya cirko-cirko igwa tana sauka a kansu. Cikin kwana biyu waɗanda ke iya motsi ba su wuce 40 ba, kuma da yawa daga cikin sauran lalacewar inji ce ta tsayar da su. Waɗanda suka sami yin harbi sun yi ɓarna ƙwarai, wannan ba a musu. Amma da Jamusawa suka fara ja da baya, tankar da ta mutu a hanya in ba a sami mai jan ta ba sai a fasa ta a bar ta. Har wata tanka ta musamman suka ƙera marar igwa, aikinta kawai janyo 'yan'uwanta da suka faɗi, wadda in da Bahaushe ne ya raɗa mata suna da zagi zai ce.

Daga baya an gyara abubuwa da dama, wutar inji ta ragu, kuma a 1944 masana da yawa suna lissafa ta cikin mafi kyawun tankokin yaƙin. Akwai dai ciwon da bai warke ba. Ƙafafunta an jera su ne suna shiga tsakanin juna don su raba nauyi, abin da ya sa tafiyarta ta yi laushi, amma taɓo yakan cushe tsakaninsu, in sanyin Rasha ya daskarar da shi da dare sai a wayi gari ba ta motsi, kuma in ta ciki ta lalace sai an kwance na waje kafin a kai gare ta. Mafi muni shi ne giyar ƙarshe, watau haƙoran da ke karɓar ƙarfin inji su juya sarƙa. An zana su ne don tanka marar wannan nauyi, aka kuma yi su da sauƙaƙƙiyar ƙira saboda ƙarancin injinan yanka haƙori da ƙarancin ƙarfe mai kyau. Milimita 20 ɗin da aka ƙara a ƙirji, da duk abin da ya biyo bayansa, a kan waɗannan haƙora ya sauka. Direban da bai ƙware ba, in ya juya da ƙarfi ko ya ja da baya a taɓo, sai su kakkarye, kuma a ƙarshen yaƙin ƙwararrun direbobi sun yi ƙaranci, fetur ɗin koyar da sababbi ma babu.

Jamus ta ƙera Panther wajen 6,000 kafin yaƙin ya ƙare a 1945. A daidai wannan zamani Amurka ta ƙera Sherman kusan 50,000, Rasha kuma ta ƙera T-34 fiye da haka. Kowace ɗaya daga cikinsu ba ta kai Panther kauri ko tsawon igwa ba, amma suna isa inda aka aike su, kuma in an fasa ɗaya akwai wata a baya. A harin Ardennes na Disamba 1944 an tsinci tankokin Jamus da dama a gefen hanya lafiyarsu ƙalau, mai ne ya ƙare masu su suka gudu a ƙasa.

Bayan yaƙi sojan Faransa sun tattara waɗanda suka rage, wajen 50, suka yi aiki da su na 'yan shekaru, suka rubuta rahoto a kansu a 1947. Sun yaba igwar da madubin saitinta. Game da giyar ƙarshe kuwa suka ce tsaka-tsakin rayuwarta kilomita 150 ne, saboda haka duk tafiyar da ta yi tsawo gara a ɗora tankar a jirgin ƙasa a kai ta. Wato da Kanar Lowry Cole Panther ya taso da ita daga Kano, da ba ta ga ganuwar Haɗejiya da ƙafarta ba.